Waƙar da Na Ba Maki Uku

A majalisarmu ta bakin kasuwar kifi a Tiga, ni ne alƙalin waƙoƙin Turawa. Ba wanda ya naɗa ni. Duk yammacin Juma'a Sabi'u mai cajin waya yakan kunna waƙa bai faɗi sunanta ba, kowa ya ba ta maki bisa goma, ni kuma in yanke hukunci.

Kowa ya san ma'aunina: wata waƙar jita da muke ji a kaset ni da budurwata Hadiza a bakin tafkin Bagauda, kafin a yi wa babanta canjin wurin aiki. Da kaset ɗin ta tafi. Shekara da shekaru ina gaya musu daga wannan ba a ƙara yin waƙa ba.

Ran nan Sabi'u ya kunna wata. Na runtse ido, na saurara irin na masana.

Na ce, "Uku. Jitar kamar kukan sauro, mawaƙin kuma mura yake yi. Yaran yanzu ba su san daɗi ba."

Sabi'u ya dube ni. "Yaya, ita ce fa. Taka ta Bagauda. Da ƙyar na samo maka."

Alhaji Ɗanlami, dattijonmu, sai da shayi ya sarƙe shi. Na ce a sake kunnawa. Ita ɗin ce. Sai dai babu iskar tafki a ciki, babu Hadiza tana bin amshin tana ɓata shi.

Har yau in na tunkaro majalisa sai wani ya ɗaga yatsu uku. "Sannu da zuwa, Alƙali. Ya muka ji da sauro?"