Sallamar Kuaka a Bakin Kogin Manawatu

"Lafiya lau, Kui, lafiya ƙalau. Ke ce dai na ga kin ƙara gajarta. Ruwan jiya ne ya dake ki kika tsuke?"

"Epiha," Ripeka ta juyo wajena, "wane ne wannan ya tsaya mini a ƙofa yana warin taliyar ɗalibai?"

"Jikanki ne," na ce.

"Ba ni da jika mai wuya kamar na agwagwa. A asibiti aka musanya shi."

Ni maƙwabcin Ripeka ne a Palmerston North, shinge ɗaya ya raba mu, mijinta kuma abokina ne kafin ya riga mu gidan gaskiya. Kereama ɗan 'yarta ne, yana karatu a jami'ar garin. Kui yake ce mata, ni kuma Koro, wato kaka mace da kaka namiji a harshenmu. Tun yana rarrafe suke wannan faɗan, ba wanda ya taɓa gajiya.

Watan Maris ne, lokacin da sanyi ke fara leƙowa a nan kudancin duniya, ganyen itatuwan titinmu ya soma juyewa ja da ruwan ɗorawa. A irin wannan lokaci Ripeka takan je bakin kogi a Foxton ta sallami kuaka, tsuntsayen nan masu dogon baki da ke zuwa cin rani a lakarmu kafin su kama hanyar arewa. Kira take yi musu irin wanda mata ke yi wa mai tafiya mai nisa. Uwarta ta yi, ita ma ta gada. A gidansu sau ɗaya ake yin kiran a shekara, kuma sai tsuntsayen sun yi tashin tafiya. In tsoro ne ya tashe su suka zaga suka dawo, wadda ta yi kiran ta ɓata shi, sai baɗi.

Bana idon Ripeka ya yi hazo. Ni na kai ta wurin likita, na kuma ji abin da ya ce: kafin baɗi ganin zai tafi gaba ɗaya. Ba ta gaya wa Kereama ba. Uwarsa ta gaya masa. Kaka da jika suka yi kamar ba abin da ya faru, ni ma na bi su a haka.

"Ga tsarabarki," Kereama ya miƙa mata wani abu a leda. "Madubin hangen nesa. Wurin wani ɗalibi na saya, ya gama karatu zai koma garinsu."

Ta juya shi a hannu, ta shinshina.

"Wannan ai da shi aka hango jirgin ruwan Turawa na farko."

"Shi ya sa na ce ya dace da ke. Sa'anki ne."

"Ni da nake hango ƙuda a kan dutsen Ruahine in gaya maka mace ce ko namiji, me zan yi da gilashi?"

"To kawo in mayar."

"Taɓa shi ka gani. Abin da ya shigo gidana ya shigo ke nan. Epiha, ɗauko filas da bargo. Kai kuma buɗe mini akwalar nan taka."

"Akwala? Motar da 'yan mata ke layi su shiga?"

"Su shiga ko su tura?"

Muka bi gefen kogi muka fita gari. Ɗalibai sun cika hanyar bakin ruwa, wasu a keke, wasu sun ɗora kwalekwale a kan mota, wasu suna kwance kan ciyawa da littafi a fuska. Ripeka tana gaba, ta kafe tagar da ido, tana yaba launin ganyen wuraren da babu itace. Kereama bai gyara mata ba. Sai dai ya rage gudu duk inda itatuwan suke da gaske.

"Dubi wancan, Kui, ya yi ja kamar fuskarki ranar da na cinye miki kifi."

"Na gan shi tun kafin ka gan shi."

"Na sani."

Rana ta karkata muka isa. Teku ya ciko, ya tura tsuntsayen kan wani tsirin yashi kusa da gaɓa. Iska kuma ta juyo daga kudu, mai sanyi, irin wadda suke jira ta tura su. Mutane sun ɗan taru, har da wasu ɗalibai da malamarsu, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Muka sami wani kututture muka zauna, na rufa wa Ripeka bargo.

Ta ɗora madubin a ido, ta saita shi can gefen hagu, inda ruwa ya jibge guntayen itace.

"Kai, bana sun yi ƙiba," ta ce. "Dubi wancan, ko motsi ba ya iya yi."

Kereama ya dube ni. Ni kuma na dubi filas.

"Wancan ai malalaci ne, Kui, shekararsa goma bai tashi ba. Dangin Koro Epiha ne. Juyo nan ki ga na kirki." Ya kama gwiwar hannunta ya juya ta dama a hankali.

"Sake ni. Wuyana nake motsawa."

"To motsa shi daidai nan, ki bar shi a nan."

"Ba ni labarinsu in ji ko kuɗin makarantarka na tafiya a banza. Me ka gani?"

"Mazan sun yi jan ƙirji kamar bulo. Matan sun fi su girma, sun fi su dogon baki."

"Haka Allah ya tsara ko'ina."

"Dogon bakin dai na yarda, ina da shaida a gida."

"Ɗan banza. Ci gaba."

"Sun yi tiɓis, Kui. Kamar a taɓa su su fashe. Malamarmu ta ce kusan rabin jikinsu kitse ne yanzu, shi ne guzurinsu. In sun tashi nan, mako guda suna sama, ba sauka, ba ci, ba sha, sai gaɓar Sin. Su huta, su ci, su wuce Alaska."

"Kai da ba ka iya zuwa kanti sai ka tsaya cin abinci a hanya."

"Ni ai ba a ba ni fiffike ba. Ke in aka ba ki, a garin Levin nan kusa za ki sauka ki nemi shayi."

"Ni? Ina yarinya na taɓa bin su da iyo har sai da na hango fitilun Ostireliya. Uwata ce ta ƙwala mini kira na dawo, don ban wanke kwanuka ba."

"Da wace ƙafar? Wannan da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa?"

"Ƙofar nan ita ta goya uwarka."

Ana cikin haka sai tsirin yashin ya fashe. Tsuntsayen gaba ɗaya suka yi sama lokaci guda, fikafikansu na ƙara kamar an yayyaga zane. Ripeka ta yar da bargo, ta miƙe tsaye, ta ja numfashi har ƙirjinta ya ɗaga.

Kereama ya cafke hannunta.

"Kare ne, Kui! Kare ne! Wani ya saki karensa."

Numfashin ya tsaya mata a wuya. Ta sake shi a hankali, ba sauti. Tsuntsayen suka zaga kan ruwa, suka karkata, farin cikinsu ya haska, suka dawo suka zube inda suka tashi. Can gefe malamar ɗaliban tana yi wa mai karen magana, ba da ƙarfi ba, amma ya sunkuyar da kai.

Ripeka ta zauna. Ta ja bargo ta rufa.

"Na ga karen," ta ce. "Gwada ka nake yi."

"Na sani. Na ci jarrabawar?"

"Da ƙyar."

Na zuba mata shayi, ta riƙe kofin ba ta sha ba. Sannan ta cire madubin daga wuyanta ta tura masa, fuskarta na kallon ruwa.

"Gilashin nan naka na banza ne, hazo ne a ciki. Riƙe kayanka. Ni idona ya gaji da kallon abin da ya saba gani. Kai ka duba. In sun yi tashin tafiya, ka ce mini yanzu. Kalma ɗaya. Za ka iya, ko ita ma sai an biya maka kuɗin makaranta?"

"Kalma ɗaya? Ni da nake da dubu a aljihu?"

"Abin da nake tsoro ke nan."

"Yaya zan bambance?"

"Masu tafiya ba sa firgita. Za su ware gefe, su yi wanka, su yi ta surutu kamar dangi a tashar mota. In sun tashi ba sa waiwaye. Sama suke nema, ba gefe ba."

"Kamar ke in kin ji an ce ga mai karɓar haraji."

"Kamar ubanka in an ce ga aiki."

Ya yi dariya, amma ya ɗora madubin, bai ƙara sauke shi ba. Bakinsa dai bai huta ba. Wannan ya taka wancan. Wannan tana kama da Anti Huia in ta yi fushi. Wancan ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar Koro Epiha yana neman takalmi. Ripeka tana mayar masa ɗaya bayan ɗaya, kunnenta kuwa yana wajen ruwa.

Rana ta yi ƙasa, hasken ya koma ruwan zuma. Wasu 'yan tsiraru suka ware daga taron, suka taka zuwa bakin ruwa. Suka yi wanka, suka karkaɗe. Ɗaya ta fara kuka, siriri mai kaifi, wata ta amsa, sai duk suka ɗauka. Sukan buɗe fiffike su rufe. Wani ya taka ya shiga cikinsu, ya yi jim, ya fasa, ya koma.

"Suna ta gardama, Kui. Wata babba ce a gaba, ita ke ta masifa, ina jin ita ce kakarsu. Ga wani ya fasa, ya ce ya manta da... ga shi kuma ya dawo. Yanzu sun juya duk suna fuskantar..."

Bai ƙarasa ba.

Na ga abin da ya gani. Ba su fashe kamar ɗazu ba. Ɗagawa suka yi kamar an zare su daga yashi da zare ɗaya, suka bi kan ruwa ƙasa-ƙasa, sannan suka fara hawa. Suna hawa suna jeruwa, har suka zama layi guda mai lanƙwasa, rana na dukan jan ƙirjinsu. 'Yan abubuwan da ba su fi tafin hannuna ba, suka juya wa ƙasa baya, suka fuskanci ruwan da ba shi da gaɓa. Na sha ganin wannan. Ban taɓa sabawa ba.

Kereama yana tsaye, madubin ya sauka kan ƙirjinsa, bakinsa a buɗe, ba abin da ke fita. Na buɗe nawa bakin zan faɗi kalmar a madadinsa, sai na ga Ripeka ta riga ta miƙe.

Muryar da ta fito ba ta tsohuwar da muka zo da ita a mota ba ce. Doguwa ce, tana rawa a ƙarshe, ta bi kan ruwa ta bi bayansu.

"Ku tafi, 'ya'yan iska, ku tafi. Ku bi ta kan babban ruwa. Ku gaishe mana da waɗanda suka riga mu. Lakarku tana nan, za mu tsare muku ita. Ku tafi, ku tafi."

Ɗaliban suka sauke wayoyinsu. Mai karen ya cire hularsa. Har ta gama ba wanda ya yi tari.

Ta zauna, na mayar mata da bargon. Sai da ta sami numfashi sannan ta ce, "Kalma ɗaya."

Kereama ya share fuska da hannun riga. "Kui, na..."

"Kalma ɗaya na roƙa. Mai dubu a aljihu."

"Aljihun ne ya ɓule. To yaya aka yi kika sani? Kukansu?"

"Kukan ai sun daɗe suna yi. Kai ne. Tun ranar da aka haife ka ban taɓa jin ka yi shiru ba, ko a barci surutu kake. Da na ji bakinka ya mutu, na ce to, ko dai yaron nan ya faɗi matacce, ko kuaka sun tashi. Kowanne ne, kiran ya dace."

Dariya ta kece masa, idonsa na zubar da ruwa. "Na yarda, Kui. Kin ci ni. Yau kam kin ci ni."

"Yau kawai?"

Ta juya fuskarta arewa, ta ɗan ɗaga haɓa.

"Har yanzu kana hango su?"

Sama ta daɗe da haɗiye su. Ba komai a wurin sai wani siririn girgije. Kereama ya ɗora madubin, ya gyara shi da kyau.

"Ƙwarai kuwa. Na bayan nan ma ya juyo yana ɗaga miki fiffike."

"Maƙaryaci." Ta gyara bargo. "Wane fiffiken?"

"Na hagu."

Ta laluba jakarta, ta ciro soyayyen burodi a naɗe cikin takarda, ta nemo hannunsa ta danƙa masa.

"Ci. Amma kada ka cika bakin. Ina suka kai yanzu?"