Rasuwar Hajiya Tau-Tau ta Unguwar Bolewa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsa da ya yi kanta, Malam Kyari mai gyaran rediyo na unguwar Bolewa yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urar wasansa ta talabijin, wadda aka fi sani da Hajiya Tau-Tau. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a shagonsa, tana da shekara goma sha shida a hannunsa.

Marigayiyar ta iso Potiskum a 1998 cikin jakar Terkula, malamin lissafi ɗan Binuwai, wanda ya kawo ta gyara. Kyari ya gyara ta cikin awa ɗaya, ya ce sai an gwada. Gwajin ne ba a gama ba har yau. Kullum aka tashi daga makaranta Terkula yana kan bencin shagon, kowa da madanninsa, suna tuƙa ɗan jirgi suna harbin ƙwarin da ke saukowa daga sama jere-jere.

Mai haƙuri ce. Kaset ɗaya gare ta duk rayuwarta, in ya ƙi sai a hura masa iska ya kama. Ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba, wanda ya yi sake ta kashe shi sau uku ta kore shi. Duk layin an san muryarta: "tau-tau-tau," in kuwa jirginka ya faɗi, "tiiiyuuu."

Muryar ce ta jawo mata. Wata Laraba a 2012, lokacin da ko taya ta fashe sai gari ya watse, Kyari ya manta ya ƙure sauti. Matan da ke bakin famfo suka zubar da bokitai, mai rake ya bar baronsa, wani dattijo da ya shekara biyar yana kukan gwiwa ya tsallake kwata bai sani ba. Mai unguwa ya yanke hukunci cewa ta ci gaba da harbi, amma da baki a rufe. Tun daga ranar Kyari ne ke yi mata "tau-tau" a hankali da bakinsa.

A shekarar ce Terkula ya kwashe iyalinsa ya koma Makurɗi. Ya tafi da madanni ɗaya, ya ce zai dawo da shi in gari ya lafa. Ya kuma bar makinsa rubuce da gawayi a bangon shago: 98,400. Shekara biyu Kyari yana bin wannan lamba shi kaɗai, ya hana a yi wa bangon fenti. In an tambaye shi sai ya ce taurin kai ne, amma kowa ya san kewa ce.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Ta fara da zazzaɓi a wajen waya, sai zane-zane a fuskar talabijin. Ranar Talata wuta ta zo da ƙarfi, ta yi "fus," shi ke nan. Kyari ya dage cewa a daidai lokacin ya wuce makin Terkula. Shaida ɗaya ce a wurin, matarsa Yakaka da ta kawo abinci, ita kuwa ta ce hayaƙi kawai ta gani.

Ta rasu ta bar kaset ɗaya, da madanni ɗaya a Bolewa, da ɗan'uwansa a Makurɗi, da talabijin baƙi-da-fari da yanzu ba ta da aikin yi sai labarai.

Game da jana'iza, Yakaka ta so a yi yadda aka saba, a kai ta bola kafin rana ta faɗi. Kyari ya ƙi. Ya ce marigayiyar asalinta 'yar gidan Terkula ce, su kuwa mutanensu ba sa binne mamaci sai dangi na nesa sun hallara, ko da za a yi watanni. Don haka an naɗe ta da tsohon ɗankwali, an sa a kwali, an ajiye bisa kantar shago a ƙarƙashin rubutun gawayin.

Ana karɓar gaisuwa a shago daga safe zuwa kafin dokar hana fita. Za a sa ranar binnewa idan Terkula ya sauka a tashar Potiskum da madannin a hannunsa. Duk wanda ya san inda yake ya gaya masa gawa tana jiransa, kuma har yanzu ba a ba kowa wurinsa a kan benci ba.