Hamada a Hawa na Ashirin

Wani ne a unguwar Taman Melati, can ƙasar waje inda yake karatu, ɗalibin digiri na uku. Lokacin kullen korona zaman gida ya ishe shi, ya kama leƙe-leƙe a waya har ya ci karo da hoton wani kwazazzabo a hamada. Duwatsu ja jawur dama da hagu, siririyar hanya a tsakiya.

Ya ce wa matarsa, "Hureira, ana buɗe iyaka nan za mu. Tafiyar ƙafa ce, awa shida kacal."

Ta ce, "Da Rayyan mai shekara shida da Afnan mai huɗu? Ba da 'ya'yana ba."

Ya ce, "Ke matsalarki ba kya research. Masu wurin sun ce kowa ya auna ƙarfin yaransa tukuna. Gwaji zan yi. In sun ci, mu tafi."

Ta ce, "In sun faɗi, kar in ƙara jin kalmar hamada a gidan nan."

Gogan naka ya kashe AC, ya kashe fanka, ya rufe tagogi. Rairayi ne babu, kantuna duk a garƙame. Sai ya jawo garin kwakin da Hureira ta yo dako tun daga Kano, take tattalinsa kamar zinari, ya baje shi a falo. Ya ce yara su yi ta zagaye, shi kuma ya tafi ɗauko biro da takardar rubuta sakamako.

Kafin ya dawo, yara sun kawo kwano da sukari da madara.

Ya ce, "Kai! Me kuke yi?"

Rayyan ya ce da yaren garin, "Makan lah, Abba. Ci za mu yi."

Sun shanye rabin hamadar. Hureira ta fito daga kicin ta gani, ta yi salati. Abin da ta faɗa bayan salatin ba zai maimaitu ba.

Bai daddara ba. Ya ce matakalar benensu ai kwazazzabo ce sak: bango nan, bango can, ba iska. Su kuwa a hawa na ashirin suke. Ya sa takunkumi biyu, ya naɗa rawani, ya goya jaka cike da littattafai wai guzuri. Ruwa gora ɗaya, tunda a hamada ba famfo.

Sauka lafiya lau. A hawowa aka yi ta. Hawa na biyar ya fara haki. Na takwas ya shanye ruwan yaran. Na goma ya koma rarrafe. Yaran da suka yi wata uku a kulle kuwa sai tsalle suke kamar 'yan awaki. Sun kai sama sun dawo har sau biyu.

Afnan ta dafa kansa ta ce, "Abba boleh, za ka iya! Ko in goya ka?"

Tarinsa ne ya jawo maigadi. Ya tarar da mutum kwance sharkaf da gumi, numfashi sama-sama. Ya auna masa zafi a goshi, na'ura ta yi ƙara. Maigadi ya ja da baya taku biyar.

Gogan ya ce, "Ba korona ba ce, daga hamada nake!"

Maigadi ya ce, "Hamada? Wato daga ƙasar waje ka shigo, boss?"

Shi ke nan. Motar asibiti ta zo da mutane cikin fararen kaya kamar masu zuwa duniyar wata. Killacewa, kwana goma sha huɗu.

Kwana biyu ya ɗan farfaɗo, ya kira gida ta bidiyo, biro a hannu.

Ya ce, "Hureira, alkawari kaya ne. Faɗi tsakaninki da Allah in rubuta. Tafiyar ta dace da yara ko ba ta dace ba?"

Ta ce, "Ta dace da biyu. Na ukun, mai gemun, sai ya ƙara girma."