Ranar da Aka Bar Nomau a Mashaya

A wani daji can bayan duwatsu, an yi wani namijin ɓauna mai suna Nomau. Yana saurayi ya tare zaki a bakin mashaya, bai ja da baya ba har zakin ya gaji ya tafi. Suda, tsuntsuwar nan zabiyar dajin, ta sa masa Dutsen Mashaya, ta kai waƙarsa gabas da yamma.

Shekaru suka ja. Nomau ya tsufa, ƙaho ɗaya ya gutsure, ƙafar baya ta sage. Sai fari ya zo, mashaya ta koma taɓo. Majalisar dabbobi ta zauna a gindin kuka, ta yanke a yi ƙaura zuwa dajin gangare, inda ruwa bai ƙafe ba.

Nomau ya ce, "To, ku sa ni a tsakiya, tafiya ta yi mini nauyi yanzu."

Gwaggon biri, shugaban majalisa, ya yi gyaran murya, kuma duk wanda ya san majalisa ya san wannan ba alheri ba ne.

"Baba, Allah ya ja zamaninka. 'Yan gangare ba su san ni ba, ba su san barewa ba. Kai suka sani, a wurinsu tsayinka ya kai kukar nan. Da sunanka za mu roƙi wurin sha. In suka gan ka haka, haƙarƙari a waje, me za mu ce musu?"

"Ku ce ƙishirwa nake ji."

Suda ta diro daga reshe. "Haba Baba! Shekara da shekaru ina shelar ba ka taɓa barin mashaya ba. Yau kuma ka mai da ni maƙaryaciya?"

"Ke 'yar nan, rana ɗaya na tsaya. Sauran ke kika ƙara."

"Ka taɓa hana ni?"

Nomau ya juya. Ya dubi 'yan maruƙa, harsunansu a waje. Can ya ce, "Ku tafi."

Suka tafi, Suda na gaba tana waƙa. Ya saurara har muryar ta ɓace, sannan ya kwanta cikin taɓon.

A gangare aka tarbe su da girma, aka ba su gefen rafi mai inuwa, har iyaye suka riƙa sa wa 'ya'yansu Nomau.

Ungulu kaɗai ta koma mashaya, ta tarar da gawar tsohon. Ta ce ba shi da wani nama, amma ba a sa wannan a waƙar ba.