Rasuwar Baƙo, Akwatin Rediyon Gidan Barau na Mabai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da suka rasa abin saurare, ni Barau na unguwar bayan dutse a Mabai, ƙasar Kankara, nake sanar da dangi da maƙwabta da abokan arziki rasuwar akwatin rediyona, wanda aka fi sani da Baƙo. Ya cika ranar Lahadin da ta wuce, bayan la'asar, a kan tabarma a tsakar gidana, yana tsakiyar magana.

An haifi marigayin a wata ƙasa da ban san sunanta ba. Ya zo hannuna a kasuwar Funtuwa da kuɗin auduga, shekarar da aka bar fam aka koma naira. Matata Asibi, wadda ta riga shi tafiya, ita ta raɗa masa suna. Ta ce ai baƙo ne, tunda ya zo ya kama wuri mafi kyau a ɗaki yana ta zuba, ba ya noma, ba ya ɗibar ruwa. Amma ita ce ta ɗinka masa riga da ragowar atamfa, har ta bar ƙofar da eriya za ta fito.

Marigayi mai kamun kai ne. Ba ya magana sai an nema, in an ce ya yi shiru kuma ba ya musu, abin da ba zan iya faɗa ba a kan yawancin masu karanta wannan sanarwa. Yakan fara da gyaran murya, ƙirrr, shhh, sannan ya yi sallama. Daga bakinsa muka ji tarihin garuruwan da kakanninmu suka baro. Ranar shirin zaman iyali kuwa, Asibi takan ajiye rariya ta yanke hukunci tun malaman ciki ba su gama gaisuwa ba. Bai iya ɓoye gaskiya don ya faranta wa maigida ba. Makon da ya yi bayani a kan samarin da ke barin gonaki su koma saura don neman kuɗin birni, a makon ne ɗanmu Inusa ya ɗaure kayansa ya tafi Kaduna leburanci. Na yi fushi da Baƙo kwana biyu, sannan muka shirya.

Shekarar bara waccan, wasu samari daga gidan rediyo suka zo da mota da na'urar ɗaukar murya, suna neman matan da suka san waƙar niƙa irin ta da. Lokacin injin niƙa ya riga ya shigo Mabai, duwatsun niƙa sun zama wurin hawan kaji. Aka nuna musu Asibi. Ta kore ni daga tsakar gida, don a wurinmu namiji ba ya tsayawa inda mace ke faɗa wa dutse cikinta. Duk zamanmu, amon waƙar kawai na sani daga bayan danga, ban taɓa jin kalmominta ba. Da na dawo daga gona na roƙe ta ko baiti ɗaya, sai ta yi dariya ta ce, "Ka jira Baƙo shi hwaɗa maka. Shi bai da kunya."

Muka jira. Kowace Lahadi muna zaune gaban shirin gargajiya, a sa makaɗan wannan gari, a sa maharban wancan, ba a zo kanmu ba. Da damina ta faɗi bana Asibi ta kwanta. Gero bai fitar da kai ba muka rufe ta.

A nan ciwon ajalin marigayi ya samo asali. Ba a buɗe rediyo a gidan da aka yi rashi sai an share makoki. Na naɗe Baƙo a zanen Asibi na ɗora shi bisa tukwanenta, da baturansa a ciki, ruwa kuma na ta sauka. Bayan makoki abokina Malam Gide na Pauwa ya taka keke ya zo ya shaida mini cewa ya ji an yi sanarwa, Lahadi mai zuwa za a sa muryoyin matan ƙasar Kankara da kewaye. Na kwance zanen. Baturan sun kumbura sun fashe, ruwansu ya ci cikin marigayi, ya bar wani farin gari da tsatsa.

Na garzaya da shi wurin Lawwali mai gyara a kasuwar Kankara. Ya buɗe, ya girgiza kai ya ce, "Baba, wanga ya ci zamani nai. Yanzu wa ka gyara? Sabo aka saye." Na ce masa ni ba sabo Asibi ta ce in jira ba. Ya kankare, ya ɗiga dalma, har Baƙo ya yi tari ya kawo labarai. Malam Gide ya ce in zo zaurensa mu saurara a sabon akwatinsa da ɗansa ya aiko daga Ikko. Na yi godiya na ƙi. A raina na ce in dai Asibi za ta dawo, ɗakinta za ta dawo, ba zauren wani ba.

Ranar Lahadi na share tsakar gida, na sa masa sababbin batura, na ajiye shi kusa da dutsen niƙa. Ya yi ƙirrr, ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa. Aka sa wata mata daga Tafoki, aka sa wata. Sai mai gabatarwa ya ce, "Yanzu kuma daga Mabai." Na ji gurzar dutse. Na ji numfashinta.

"Dutse, kai kaɗai ka ji, ban hwaɗa ma inna ba. Ran da Barau..."

Tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa jin sunana a bakinta ba, don mace ba ta faɗin sunan miji. Nan marigayi ya yi shhh mai tsawo, ya yi shiru. Na jijjiga shi, na murɗa, na ɗaga shi sama, na roƙe shi. Da rana ta faɗi na rufa masa rigarsa. Ban yi kuka ranar da muka binne Asibi ba, amma ranar nan na yi.

Washegari na je Pauwa. Malam Gide ya ce lallai muryar ta yi daɗi, amma ana ta hira a zaure, bai riƙe kalmomin ba.

Marigayi ya rasu ya bar ni. Da ɗiyarmu Lidiya da ke koyon aikin jinya a Funtuwa, wadda ta haddace waƙoƙin coci amma ta girma zamanin inji. Da Inusa, wanda har yau ban san ko ya ji muryar uwarsa ba. Da fitilar ƙwai, da dutsen niƙa, da batura huɗu da ba su ga komai ba a duniya.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da hantsi, a gindin dutsen niƙa, cikin rigar da Asibi ta ɗinka masa. Lidiya za ta yi addu'a irin tasu. Malam Gide ya ce shi ba ya sallatar akwati, amma zai zo ya tsaya. Kada kowa ya wahala da kawo goro ko hatsi. Roƙona ɗaya ne. Duk matar da rediyonta ke buɗe ranar Lahadi, a Tafoki ne ko Faskari ko Sabuwa, in ta riƙe abin da ya biyo bayan sunana, don Allah ta zo. Ga dutse nan, na wanke shi, na ajiye dawa. Ni zan fita bayan danga in tsaya.