Asabar Ɗin da Na Tara Unguwa Kallona

Ba zan taɓa mantawa ba, lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, gidajen kallo na unguwarmu a Daura sun yi sanyi, kowa ya koma wa talabijin ɗin gida. Tamu ƙarama ce marar kala, eriyarta a kan doguwar gora. Tasha uku take kamawa, kuma Baba, Allah ya jiƙansa, ya san asalin kowacce kamar danginsa. Akwai ta tarayya, akwai ta jiha wadda yake cewa da 'yan tsofaffin injuna ta fara bayan an raba jiha, sai ta Nijar da ke shigowa in ta ga dama, ana Faransanci muna gyaɗa kai.

Ina sabon malamin firamare, wata rana na biyo ta rijiyar Kusugu na tarar da masu kyamara suna tambayar mutane tarihin gari. A ƙofar motarsu akwai tambarin tashar jiha, duk ya koɗe. Na matsa na zuba bayani (rabi na sani, rabi na ƙara gishiri). Mai kyamarar ya ce, "Malam, Asabar bayan la'asar za ka ga kanka."

Babu wanda ban gaya wa ba. Baba ya sa aka share zaure, aka fito da talabijin, Inna ta dama fura. Har Alhaji Sale, mahaifin Binta da nake nema, ya taho daga Mai'adua a babur (da bakina na gayyace shi, ba wanda ya aike ni).

Aka yi shirin manoma. Aka yi wa'azi. Aka yi labarai. Babu ni. Baba ya naɗe hannun riga ya fita ya kama gora yana juyawa.

"Ya fito?"

"Bai fito ba, Baba!" in ji 'yan zaure.

Ya sake murɗawa, sai ga ta Nijar. Wani ya ce ko da Faransanci na yi musu bayanin, zaure ya kwashe da dariya.

Alhaji Sale ya ajiye ludayi. "Yaro, farar mota ce mai lotsattsen gefe?"

"Ita ce, Alhaji."

"Ai gwanjonta aka yi. Wani ɗan kasuwa ya saya, shi da ya buɗe tasharsa a birnin Katsina. Hoton tashar ko Dutsi ba ya isowa."

Na kasa ɗaga kai. Sai Baba ya shigo yana kakkaɓe hannu, ya zauna kusa da ni, ya ce, "To ai ya fito, mu ne ba mu gani ba. A ci gaba da shan fura."

An ba ni Binta duk da haka, kuma har yau in muka yi faɗa "na talabijin" take kirana. Tashar kuwa ta canza hannu, daga baya aka rufe ta, ban taɓa ganin hoton ba. Ban ma damu da shi ba. Muryar nan daga waje mai tambayar ko na fito, ita nake so in sake ji.

Abin da na koya: kafin ka gayyaci suruki kallonka, fara tambaya tashar ta wace ce.