Goron da ya tona mini asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da goro ɗaya tal ya kunyata ni a gaban 'yan makaranta. Wata huɗu ina kwance da ciwon baya, salla ma a zaune nake yi. Shinkafata a fadamar Gummi ta kusa yanka, har ƙanena ya fara cewa in bar masa gonar tunda ni na gama aiki. Ni kuwa na yi imani in na sunkuya, ƙashin bayana tsinkewa zai yi.

Ɗiyata Hadiza, mai karatun kiwon lafiya, ita ta ja ni asibitin da ake koya musu aiki. Malaminsu ya tara ɗalibai, ya ce in tuɓe riga. Sai ga bayana duk tabon ƙahon wanzami, ga robar tayar keke na ɗaure ƙugu da ita (wai don kada ƙashin ya zame). Hadiza ta sunkuyar da kai.

Malamin ya ce, "Baba, ɗan duƙa mu gani."

Na ce, "Ko da bindiga ba ni iyawa."

Ina mayar da riga, goron kasuwar Shinkafi da na ɓoye tun safe ya faɗo daga aljihu, ya gangara. Wallahi ban san lokacin da na duƙa har ƙasa na cafke shi ba. Na ɗago da goro a hannu, idanu sun fi ashirin a kaina.

Wani ɗalibi ya ce a hankali, "Ashe tsohon lafiya tai lau."

Na so ƙasa ta tsage. Kafin malamin ya yi magana Hadiza ta juya. "Ba ƙarya yake ba. Ciwon gaskiya ne, tsoro ne ya ƙara ɗaure shi. Ba jiya aka koya muna ba? Baba, ka ji wani abu ya tsinke?"

Na shafa bayana. Ba abin da ya tsinke.

Suka duba ni sosai, suka koya mini motsi kaɗan-kaɗan. Na jefar da robar. Bayan nawa bai daina ciwo ba, amma da shi na yanke shinkafata, ina yi ina hutawa. Ƙanena ya samu buhu ɗaya, bai samu gona ba.

Abin da na koya: mutumin da zai duƙa wa goro, ba shi da hujjar ƙin duƙa wa gonarsa.